Buɗaɗɗen Rami ko Haƙar Ƙarƙashin Ƙasa: Abin da Doka Za Ta Nema Daga Gare Ka

Malam, ka rubuto cewa kamfaninku ya kammala binciken ma'adini, injiniyoyinku kuma sun kasu biyu a kan ko a buɗe rami daga sama ko a kutsa ta ƙarƙashin ƙasa, kana tambaya ko za ku iya karɓar lasisin haƙa tukuna, ku yanke shawara daga baya.

Ba na ba ku wannan shawarar. A mafi yawan ƙasashe ma'adinan da ke cikin ƙasa mallakar gwamnati ne, kuma ana bayar da lasisin haƙa ne bisa tsarin aikin da mai nema ya gabatar tare da rahoton tasirin aikin ga muhalli. Idan aka amince muku da hanya ɗaya kuka koma wata ba tare da an gyara takardun ba, hukuma na iya dakatar da aikin, ko ma ta soke lasisin.

Buɗaɗɗen rami ya fi sauƙin kuɗi matuƙar ma'adinin yana kusa da sama, amma a wajenmu lauyoyi shi ya fi jawo shari'a, domin haƙƙin ma'adini daban ne da haƙƙin saman ƙasa. Ramin, da tudun ƙasar da aka kwashe, da madatsar dagwalon wankin ma'adini duk suna cin fili, kuma kowane fili da mai shi, wanda sai an biya shi diyya, wani lokaci har a sake masa matsuguni. Idan kuna neman rancen manyan bankuna, da yawansu za su auna ku da ƙa'ida ta 5 ta hukumar IFC, reshen Bankin Duniya, wadda ta shafi karɓar fili da tayar da jama'a. Ga kuma kuɗin jinginar gyaran wuri bayan rufewa, wanda yakan ƙaru gwargwadon faɗin filin da aka ɓata.

Haƙar ƙarƙashin ƙasa tana rage rigimar fili, sai dai nauyin yakan koma kan rayukan ma'aikata. Yarjejeniya ta 176 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1995, ta ɗora wa mai aiki samar da isasshiyar iska, da mafita biyu daga kowane wurin aiki inda hakan zai yiwu, da sanin sunan duk wanda ke ƙasa a kowane lokaci. Tana aiki ne a ƙasashen da suka amince da ita, don haka ka bincika matsayin taku. Kada kuma ka manta cewa idan ƙasa ta nitse ta tsaga gidan wani, ko rijiyarsa ta ƙafe, yawanci ku za a nema.

Akwai hanya ta uku, wadda na fi karkata gare ta idan ma'adinin ya yi zurfi: a fara daga sama, a gangara ƙasa daga baya. Mahaƙar tagulla ta Chuquicamata a ƙasar Chile ta fara aiki a matsayin buɗaɗɗen rami a 1915, ba ta koma haƙar ƙarƙashin ƙasa ba sai 2019. In kuna hango haka, ku bayyana matakan biyu tun a takardar neman lasisi, ku sa su cikin yarjejeniyarku da masu fili da masu zuba jari, sannan ku nemi hukuma ta faɗa muku a rubuce waɗanne izini ne za a sabunta ranar da za ku sauya.