Wane irin wuri ne ya dace da ayarin da ya cika bas?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ce sakatariyar ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai. Mun yanke shawarar ɗaukar hayar babbar bas mu yi yawon buɗe ido na kwana biyu a yankinmu. Mu 48 ne, cikinmu akwai dattawa, wasu kuma za su zo da 'ya'yansu. Kowa ya kawo sunan wurin da yake so, har jerin ya kai wurare tara. Ta yaya zan gane gidan tarihi ko wurin shaƙatawar da ya dace da tafiyar taro irin wannan?

Amsa: Malama, sannu da ɗawainiya. Abin da zan fara roƙonki shi ne ki ajiye maganar shaharar wuri tukuna, ki dubi ƙofarsa. Wurin da ya ƙayatar da mutum biyu yana iya zama wahala ga mutum 48, domin taro ba ya tafiya da saurin mai sauri, da ƙafar mafi rauni a cikinsa yake tafiya.

Ki fara da ita kanta motar. Babbar bas tana da tsawon mita 12 ko fiye, tsayinta kuma yana kusantar mita 4. Ba kowace kwana take sha ba, ba kowace gada take shigewa ta ƙarƙashi ba. Saboda haka tambayar farko da za ki yi wa masu kula da wurin ita ce: a ina bas take sauke mutane, a ina take jira, kuma tafiyar minti nawa ce daga nan zuwa bakin ƙofa? Hangen Dala ba shiga birni ba ne. A Stonehenge na Ingila, wurin manyan duwatsun da mutanen da suka kafa a da'ira, tun 2013 motoci suna tsayawa ne a cibiyar baƙi mai nisan kusan kilomita biyu da rabi daga duwatsun, sai a kwashi mutane a ƙananan motocin wurin. A Petra ta ƙasar Jodan kuwa, sai an ratsa wani matsattsen lungu tsakanin duwatsu mai tsawon fiye da kilomita ɗaya kafin a ga ginin da kowa ya sani a hoto. Wurare ne na ban mamaki, amma dattijuwa mai ciwon gwiwa ya kamata ta san wannan tun tana gida.

Sai abin da mutane suke jin nauyin ambata, alhali shi ne ke cin lokaci: banɗaki. Ki lissafa da kanki. Idan ƙofofi huɗu ne, kowane mutum ya ɗauki minti biyu, mutum 48 za su cinye minti 24 kafin a kalli ko da tukunya ɗaya. Ki ƙara lokacin saukowa daga mota ta ƙofa guda, wannan ta koma ɗauko jaka, wancan yana neman takalmin yaronsa a ƙarƙashin kujera. Duk tsayawa ɗaya tana lashe abin da ya kai rabin sa'a ba a ga komai ba. Idan kika ninka wannan sau tara, za ki ga inda kwana biyunku za su tafi.

To, waɗanne wurare ne suke karɓar taro hannu bibbiyu? A ganina babu kamar gidajen tarihi na fili, waɗanda ake tattaro tsofaffin gidaje da maƙeru da rumbuna a kafa su a sarari guda. Skansen da ke Stockholm a ƙasar Sweden, wanda Artur Hazelius ya buɗe a 1891, shi ne ya yi fice a wannan salo, ƙasashe da yawa kuma suka kwaikwaya. Daɗinsu shi ne taro yana watsuwa ba tare da ya ɓace ba. Yara su ruga wajen dabbobi, dattawa su zauna a inuwa suna kallon mai sana'a yana aikinsa, ba wanda ya tsare wa wani hanya. Na biye musu su ne gidajen adana jiragen ƙasa da motoci da jiragen sama. Kayan cikinsu manya ne, don haka zaurukan ma manya ne, mutum 20 za su kewaye abu ɗaya kowa yana gani. A gidan tarihin jiragen ƙasa na York a Ingila akwai Mallard, kan jirgin da ya yi gudun mil 126 a sa'a a 1938. A gidan tarihin Henry Ford da ke Dearborn a Amurka akwai bas ɗin da Rosa Parks, wata baƙar fata, ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a 1955, ana ma barin baƙi su shiga ciki. Irin wannan abu ba ya buƙatar dogon bayani. Da an gan shi, hira ta ɓarke.

Tsofaffin ganuwoyi da fadoji da kurkuku su ne suka fi taɓa zuciya, su ne kuma suka fi buƙatar shiri. Dubi sansanin Elmina da ke gaɓar tekun Ghana, wanda Turawan Fotugal suka gina a 1482. Ɗakunan da aka tsare bayi a cikinsu matsattsu ne, ga duhu, ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi kuwa mutum ɗaya take ɗauka. Idan aka cusa mutum 48 a bayan jagora ɗaya, na gaba ne kawai za su ji abin da ake faɗa, na baya su tsaya a rana suna duba waya. Wuri irin wannan ya fi ƙarfin a shige shi cikin hayaniya. Ki raba ayarin gida uku, ki nemi jagora ga kowane rukuni, a shiga bi da bi. Manyan gidajen tarihi ma haka suke so: Louvre na Faransa yana ƙayyade yawan mutanen da za su bi jagora ɗaya, kuma sai an kama lokaci tun kafin ranar.

Inda nake ja wa mutane kunne sosai shi ne wurin da sai an hau jirgin ruwa. Tsibirin Robben na Afirka ta Kudu, inda Nelson Mandela ya yi shekara 18 a tsare, ana soke tafiya zuwa can idan teku ta yi fushi. In akwai irinsa a jerinki, ki tanadi wani wuri a kan tudu da za ku karkata zuwa gare shi.

Ranar hutu ma tana ba da mamaki. Louvre ba ya buɗewa ranar Talata, fadar Versailles da ke kusa da Paris kuma ranar Litinin. Ki buga waya ki ji daga bakin ma'aikaci, kada ki dogara da abin da wani ya tuna.

Game da wurare taran nan, shawarata ki zaɓi huɗu: babba ɗaya da safe lokacin da jiki ke da ƙarfi, ƙarami ɗaya da yamma, kowace rana. Gajiyar gidan tarihi aba ce da masana suka daɗe da sani. Benjamin Gilman ya yi rubutu a kanta tun 1916, yana nuna yadda yawan sunkuyo da ɗaga wuya ke kashe sha'awar mai kallo. Bayan sa'a biyu a tsaye, yawancin mutane benci suke nema. Kada kuma ki manta da direba, shi ma mutum ne. A Tarayyar Turai doka ta hana shi wuce sa'a huɗu da rabi yana tuƙi ba tare da hutun minti 45 ba, tuƙin yini kuma sa'a tara ne a ƙa'ida. Ko ba dokar nan ce ke aiki a inda kuke ba, ma'auni ne mai kyau da za ki tsara hanya a kansa.

Idan da hali, ki je wuraren huɗu da kanki mako biyu kafin tafiyar, tare da ɗaya daga cikin dattawan. Ki ƙirga matakala, ki duba ko keken guragu zai shiga, ki ga inda za a zauna a ci abinci. A ranar kuma ki ba kowane mutum goma sha biyu shugaba guda, ki sanar da lokacin komawa mota kafin a buɗe ƙofa, ki ƙirga kawuna da kanki kafin direba ya tayar da inji.