Wai da gaske radiyeshan ɗin waya na cin jiki?

TAMBAYA: Salam Dakta, dan Allah wani saƙon murya aka turo mana a WhatsApp wai radiyeshan ɗin waya yana lalata ƙwayoyin jiki a hankali har ya kai mutum ga ciwon kansa, ni kuma wlh wayata ƙarƙashin filo take kwana, duk hankalina ya tashi. Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, kwantar da hankalinki. Abin da suke nufi, jiki in yana ƙona abinci da iskar oksijin yakan fitar da wasu sinadarai masu cin ƙwayoyin halitta kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe, kuma akwai masu kashe musu kaifi, irinsu bitamin C da E da wasu da jikin da kansa ke haɗawa, to sai masu ɓarnar sun rinjayi masu gadin ne ake shiga matsala. Hayaƙin sigari kam an tabbatar yana jawo wannan.

Na waya kuwa da sauran magana. Radiyeshan ɗinta ba irin na eksire ba ne, ba shi da ƙarfin tsinke DNA, wato ƙwayar gadon da ke cikin ƙwayoyin halitta, abin da aka tabbatar kawai ɗan ɗumi ne, shi ya sa Turai ta ƙayyade ƙarfin radiyeshan da jiki zai sha daga waya kada ya wuce wat 2 a kowane kilo na jiki, Amurka 1.6. Eh an ga alamun waccan ɓarnar a wasu gwaje-gwajen ɓeraye da ƙwayoyin da ake renonsu a lab, amma wani gwajin ya gani wani bai gani ba, kuma nazarin da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa aka yi, wanda ya fito a 2024, cewa ya yi hujjar tana da rauni sosai. A 2011 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa shi a rukunin 2B, wato "mai yiwuwa" ya jawo ciwon kansa, nan masu saƙon murya ke tsayawa, ba sa gaya miki wani nazarin na 2024 bai ga alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba.

In dai kina son ragewa, ki dinga sa sifika ko iyafis, tazara kaɗan ma na rage shi sosai, kuma in sabis ya koma sanda ɗaya ki taƙaita hira don lokacin wayar ke ƙara ƙarfi tana neman eriya. Ƙarƙashin filon nan dai ki daina, ni zafin batir in tana caji da danne-dannen da ke hana ki bacci sun fi damuna.