An ce in karɓi shugabancin sashe ina siniya lakcara, in karɓa ko in bari sai na zama farfesa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Farfesa, barka da ƙoƙari. Ni siniya lakcara ce a tsangayar aikin gona a wata jami'ar gwamnatin tarayya, shekarata 41, yarana huɗu. Satin da ya wuce Din ɗinmu, wato shugaban tsangaya, ya kira ni yace yana so ya tura sunana a matsayin HOD, wato shugabar sashe, tunda wa'adin mai riƙe da kujerar ya kusa ƙarewa. Gaskiya ina so amma ina jin tsoro, dan ban taɓa yin wani kwas na shugabanci ba, eksam ofisa kawai na riƙe shekara biyar. Kuma saura shekara biyu in nemi rida, matakin da daga shi sai farfesa, takardun da na wallafa basu cika ba. Wasu sunce in karɓa, wasu sunce tarko ne. Dan Allah ya zanyi, kuma ina mace irina zata samu horon shugabancin jami'a?

AMSA: Wa alaikumus salam Dakta, Allah ya sa albarka a aikin da yaran baki ɗaya. Saƙonki sai da na karanta shi sau biyu, kuma inda idona ya tsaya ba maganar HOD ɗin bace, wannan shekara biyar ɗin ta eksam ofisa ce. Shekara biyar fa! Duk wanda ya san jami'a daga ciki ya san abinda hakan yake nufi, ke ce mai haɗa sakamako har ƙarfe ɗayan dare jariri na kuka a gefe, ke ce ɗalibi mai kariyoba, wanda ya faɗi wani kwas, zai tare a bakin mota, ke ce zaki yi ta bin malamin da ya ƙi kawo maki kina lallashi kamar bashi kika zo karɓa, sannan in lokacin furomoshin ya zo sai ki ga makin da aka ware ma wannan wahalar ɗan kaɗan ne, takardun da kika wallafa su ne masu nauyi. Toh kinga ba mamaki takardunki basu cika ba. Ba kasala bace ƙanwata, an ɗora miki aikin da yake cin lokaci ne baya ƙara tsawo, kuma mu mata mun fi kowa faɗawa irinsa saboda ana cewa mun fi riƙon amana da haƙuri, mu kuma kunya bata barinmu muce a'a.

Shawarata a taƙaice ki karɓa, amma kada ki karɓa hannu biyu ba sharaɗi.

Bari in nuna miki yadda tsanin yake dan ki gane dalili. A jami'o'in tarayya shugaban jami'a wa'adi ɗaya yake yi na shekara biyar, majalisar gudanarwa ce take naɗa shi bayan an tallata kujerar an yi intabiyu, kuma in kika duba tallan da ake bugawa a jaridu zaki ga yawanci ana neman farfesa wanda ya kai kamar shekara goma da zama farfesa, sannan ya taɓa riƙe sashe ko tsangaya ko wata cibiya. Mataimakin shugaba kuma, shugaban ne yake kawo sunaye gaban sanet, majalisar manyan malaman jami'a, a zaɓa, wa'adin shekara biyu ana iya sabuntawa sau ɗaya. Din ma zaɓe ne a tsangaya a yawancin wurare. Ma'ana ƙofa biyu ce a jere, ta farko farfesanci, ta biyu gogewar mulki, kuma agogon shekara goman nan baya fara bugawa sai ranar da aka tabbatar miki da farfesa. Duk shekarar da kika makara a furomoshin kin makara ne a can sama ma. Abin farin cikin shi ne tun gyaran dokar 2012 farfesa sai ya kai shekara 70 yake ritaya, ke kuwa 41 kike, in kika zama rida a 43, farfesa a 46 ko 47, akwai sarari a gabanki sosai. Saboda haka masu ce miki tarko ne basu yi ƙarya ba, tarko ne in ya cinye miki rida ɗin nan. In bai cinye ba kuwa makaranta ce da babu kwas ɗin da ya kai ta.

Ki dubi waɗanda suka riga mu. Farfesa Grace Alele-Williams da ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, a Jami'ar Benin a 1985, ta daɗe tana jagorantar cibiyar ilimi ta Jami'ar Legas kafin nan. Farfesa Gambo Laraba Abdullahi 'yar Azare, masaniyar kimiyyar haɗa sinadarai, ta riƙe Jami'ar Abuja daga 1999 zuwa 2004. Farfesa Fatima Batul Mukhtar kafin ta tafi Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2016 sai da ta yi mataimakiyar shugaba a Jami'ar Northwest ta Kano. A Ghana Farfesa Naana Jane Opoku-Agyemang ta shugabanci Jami'ar Cape Coast daga 2008 zuwa 2012, a 2025 aka rantsar da ita mataimakiyar shugaban ƙasa. Babu wadda ta faɗo daga sama a cikinsu, ƙananan kujeru suka fara hawa, kuma duk da ilminsu a hannu suka hau.

Yanzu maganar horo. Mutane da yawa in aka ce horon shugabanci abinda yake zuwa musu shi ne bita ta kwana uku a otal, a raba jaka da biro da satifiket a dawo. Na halarci irinsu da yawa, wasu sun amfane ni, amma gaskiya abinda ya fi canza ni wata rana ce a farkon riƙona na sashe. An kira mitin na kasafi, na shiga da ƙarfin gwiwa na nemi kuɗin gyaran ɗakin gwaji, sai wani jami'i ya tambaye ni a wane layi na kasafin zan cire, kuma na nemi farashi daga 'yan kwangila nawa. Wallahi ban da amsa, nayi shiru, aka wuce batu na gaba, ɗalibaina suka ƙara zango guda ba kayan aiki. Abin ya tsaya min a rai. Washegari na ɗauki littafi da biro na tafi ofishin ma'ajin jami'a na samu wani dattijon akanta da ya kusa ritaya nace Baba koya min zaka yi. Ya jawo kujera ya buɗe min littafin kashe kuɗi na sashenmu layi layi, ya nuna min bambancin kuɗin ayyukan yau da kullum da na manyan ayyuka, yadda ake karɓar kuɗin hannu da yadda ake bada bayanin kashe su da rasit, da iyakar abinda shugaban sashe zai iya sa ma hannu. Sati uku ina zuwa bayan azahar. Tun daga nan ba a sake rufe min baki da maganar kuɗi a mitin ba.

Toh ke ma daga nan zaki fara, kuma kyauta ne. Ki nemi dokar da ta kafa jami'arku, da kundin sharuɗɗan aiki na manyan ma'aikata, da ƙa'idojin jarrabawa, da jagoran furomoshin, ki karanta su da jan biro kamar zaki yi jarrabawa a kansu. Ki leƙa dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ko da sassan da suka shafe ki ne kawai. Ki san kundin manhaja na CCMAS da NUC, hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, ta ƙaddamar a Disamban 2022 da abinda masu akireditashin, wato masu zuwa tantance kwasa-kwasan sashe, suke dubawa, dan ranar da suka zo ke zasu tasa a gaba, yawan malamai da matakansu, kayan ɗakin gwaji, littattafai, rahoton mai duba jarrabawa na waje. Mafi yawan shugabannin sashe da na ga sun shiga matsala ba mugunta bace ta kai su, rashin sanin ƙa'ida ne, a hukunta ɗalibi ko malami ba a bi matakai ba, a je kotu jami'a ta sha kaye. Kuma in za a saka ki a kwamiti nan gaba ki riƙa zaɓe. Kwamitin walwala da na abincin taron yaye ɗalibai kullum mu ake turawa, ba laifi bane amma basa koya komai. Ki nemi na kasafi, na naɗi da ƙarin girma, na tsare-tsaren karatu, na ladabtarwa, can ake koyon yadda jami'a take numfashi.

Na waje kuma akwai masu kyau. Wanda na fi so miki shi ne kwas ɗin shugabannin tsangaya na ƙasa da ƙasa da hukumar DAAD ta Jamus take shiryawa tare da ƙungiyar shugabannin jami'o'in Jamus ƙarƙashin shirin DIES, dan an yi shi ne musamman saboda sababbin din da mataimakansu da shugabannin sashe, kashi kashi ake yinsa cikin watanni, kuma dole ki zo da wani aiki na gyara da zaki aiwatar a sashenki ki dawo ki bada rahoto. Wannan dawowar ita ce sirrin, dan ilmin da ba a gwada shi a ofis ba baya zama. Tunda a aikin gona kike ga AWARD mai hedikwata a Nairobi, tun 2008 suke horar da matan Afirka masu binciken noma, suna haɗa mace da mai yi mata jagora, ga horon rubutun kimiyya ga na shugabanci, kinga jifa ɗaya tsuntsu biyu kenan a wurinki. Akwai HERS da aka fara a Amurka a 1972 dan mata masu riƙe da mulkin jami'a, akwai 'yar'uwarta HERS-SA a Afirka ta Kudu mai yin taron horo duk shekara, akwai shirin horon mata na Aurora a Birtaniya tun 2013. Ƙungiyar Jami'o'in Afirka da ke Akra ita ma tana shirya bitar shugabanci da gudanarwa. A gida akwai ASCON, kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati a Badagry, sai NIPSS, cibiyar nazarin manufofi da tsare-tsare ta Kuru, wadda sai mutum ya yi nisa ake tura shi. Kuɗin tafiya taro kuma ki bi ta teburin TETFund na jami'arku, wato asusun tallafa wa manyan makarantu, amma malami sai da takardar da aka amince zai gabatar, wanda hakan ma alheri ne gare ki tunda takardu kike nema. Abu ɗaya dai, kada ki jira sai kin yi kwas kafin ki ce kin cancanta. Na sha ganin namiji da rabin abinda ake nema ya cika fom ya miƙa, mace kuwa da kusan duka tana cewa bari in ƙara shiri.

Akwai wani abu da ba a faɗa a bita amma ni zan faɗa miki. Shawarwari da yawa ba a ɗakin mitin ake yanke su ba, ana gama su ne a ƙofar masallaci bayan la'asar, ko a kulob ɗin ma'aikata da daddare, ko a mota hanyar ɗaurin aure, wuraren da ke ba zaki je ba kuma bai ma kamata ki tilasta ma kanki ba. Sai ki shigo mitin da safe ki tarar an riga an dafa an sauke. Maganinsa ba fushi bane. Kafin duk mitin mai muhimmanci ki bi manyan sashenki ɗaya bayan ɗaya a ofis da rana tsaka ki ji ra'ayinsu, musamman farfesoshin da suka koyar da ke, dan shugabantar malaminka sai da dabara, ki ba su girmansu cikakke, ki gaishe su har ƙasa in al'adarku ce, amma takarda ta bi ƙa'ida kuma sa hannun naki ne. Sannan ki bambance mai ba ki shawara da mai ambaton sunanki a inda ba kya nan. Na farko zai iya zama kowace babbar yaya da kika yarda da ita, ko a wata jami'a take. Na biyun sai wanda yake zama a teburin da ake rabon kujeru, kuma a halin da muke ciki yawanci namiji ne, ba aibu a ciki muddin alaƙar aiki ce a fili. Din ɗinki da ya kira ki ya riga ya fara yi miki wannan, ki riƙe shi da mutunci.

Gida kuma kada ki bari maigida ya ji labari a bakin wani. Ku zauna ki faɗa masa gaskiyar abinda ke tafe, lokacin jarrabawa da akireditashin za a yi dare, a tsara wa zai ɗauko yara, wa zai taya ki girki, in da hali a samo mai taimako. Kuma da yake ke zaki riƙa kiran mitin na sashe, ki sa shi ƙarfe goma na safe a tashi kafin azahar, zaki ga ƙananan malamai mata da suke gudun mitin sun fara zuwa suna magana.

Ga abinda zaki koma ki faɗa ma Din, kuma ki rubuta shi a takarda kada ya tsaya a baki. Ki yi masa godiya, ki ce kin amince amma a sauke miki eksam ofisa tun ranar da kika karɓi ofis a ba wani kiyi masa horo na zango ɗaya, a rage miki kwasa-kwasan da kike koyarwa, kuma wa'adi ɗaya na shekara biyu zaki yi sannan ki nemi sabatikal, hutun nan na bincike. Ke kuma tsakaninki da kanki ki ware rana guda a sati, ko safiya biyu, ki rufe ƙofa ki kashe waya ki zauna kan takardunki, ki fara da bayanan da suke kwance a tesis ɗinki da ayyukan ɗaliban masta da kika duba, ki tura su mujallun da jami'arku ta amince da su ba na biya-a-buga ba, dan rida da farfesa sai an kai takardu wurin masu tantancewa na waje kuma suna gane irin waɗancan da kallo ɗaya. Ki lissafa yau ɗin nan maki nawa ya rage miki, ki raba shi a wata 24, ki manna a bangon ofis.

In ya yarda da sharuɗɗan, bismillah, ki karɓa. In kuwa yace sai dai ki haɗa HOD da eksam ofisa da cikakken lodin koyarwa saboda ƙarancin ma'aikata, ki ba shi haƙuri cikin ladabi ki ce a ba ki shekara biyu ki kammala rida tukunna, kuma ki roƙe shi ya saka ki a kwamitin kasafin tsangaya kafin lokacin. Ki rubuto min yadda kuka yi da shi, ina jira.