Yadda za ka kauce wa dogon layi a Disney World

Malam, ka tambayi yadda iyalinka za su hau kayan wasan Disney World, babban wurin shaƙatawa na Fulorida a Amurka, ba tare da sun yini a layi ba.

Manyan layukan iri biyu ne: na kowa, da Lightning Lane, layin sauri na kuɗi. Sauke manhajar My Disney Experience, ka haɗa tikitin kowa a ciki. Da Multi Pass, wato tikitin Lightning Lane na wasanni da yawa, za ka zaɓi wasanni uku kwana 3 kafin zuwa, ko kwana 7 in a otal ɗin Disney za ka sauka. Kowane wasa za a ba ka lokaci na tsawon awa ɗaya da za ka je a cikinsa, kuma sai ka hau na farko za ka iya ƙara wani, don haka sa shi da safe. Wasannin da aka fi rububi, Single Pass, wato tikitin Lightning Lane na wasa ɗaya, ake saya musu daban. In akwai mai nakasa, tuntuɓi ofishin kula da baƙi kafin tafiya.