Na gama zaman gidan yari, amma ana hana ni aiki

Tambaya: Barista, an ɗaure ni shekara biyu kan laifin cin amana, na fito a 2022. Duk inda na nemi aiki, da zarar sun ji labarina sai su ce in je za su kira ni. Shin in riƙa ɓoyewa ne? Kuma akwai hanyar da za a wanke sunana?

Amsa: Malam, Allah Ya sa hakan ya zama kaffara. A idon doka ka biya bashinka. Sashe na 36(9) na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a sake gurfanar da kai kan wannan laifi.

Amma kada ka ɓoye. Idan takardar neman aiki ta tambaya ko an taɓa ɗaure ka, kai kuma ka rubuta "a'a", to ranar da gaskiya ta fito za su sallame ka saboda ƙarya, kuma babu lauyan da zai iya ceto ka. Idan ba a tambaya ba, a yawancin ayyukan kamfanoni ba dole ba ne ka tona kanka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutane da dama suna fitowa ba su san da Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019 ba. Sashe na 14 ya tanadi takardar shaidar kyakkyawan hali ga wanda ya zauna lafiya a ciki, har da wanda ya koyi sana'a ko ya yi karatu, kuma ya ce ba za a nuna wa mai wannan takarda wariya ba saboda ɗaurin da ya yi. Ka koma gidan da ka zauna, ka ga jami'in walwala, ka nemi taka a rubuce, ka riƙe kwafin wasiƙar.

Wanke suna kuwa, sai afuwa. Idan dokar jiha ce ta ɗaure ka, Gwamna ke da wannan iko a sashe na 212, idan ta tarayya ce, Shugaban Ƙasa a sashe na 175. Afuwa ce ta share wa Obasanjo hanyar takara a 1999 bayan ɗaurin 1995. Ba haƙƙinka ba ne, alfarma ce, kuma tana ɗaukar lokaci. Ka rubuta wa kwamitin afuwa ta hannun Ma'aikatar Shari'a ta jiharku, ka haɗa da kwafin hukuncin kotu da wasiƙar shaida daga mai unguwa ko limaminku.