Dalilin da ya sa muke barin maharba su shiga gandun daji

Ɗana, ka tambaye ni yadda aka yi mu da aka ɗora wa tsaron daji muke ba maharba izinin shiga, har ma muna cewa su fi harbin matan dabbobi, alhali a ganinka duk dabbar da ta faɗi asara ce.

Kafin ka ƙirga dabbobi, fara da duban ƙasa. Idan ka shiga kurmi ka tarar da manyan itatuwa tsaye lafiya lau, amma babu ƙananan da suka kai gwiwa, kuma ganye ya yanke daidai inda bakin barewa yake kaiwa kamar an bi shi da almakashi, to wannan daji ya daina haihuwa, komai kyansa daga nesa. Shi ya sa muke killace ɗan fili da waya, mu bar na kusa da shi a buɗe, domin bayan 'yan shekaru bambancin tsiron ciki da na waje shi zai nuna ko bakuna sun fi ƙarfin abinci.

Ƙasar Niyu Zilan ta ga haka da idonta. Turawa sun kai barewa can a ƙarni na 19, a ƙasar da babu zaki ko kyarkecin da zai rage su, suka hayayyafa suka cinye tsiron itatuwan asali, har gwamnati ta ɗauki maharba aiki a shekarun 1930, daga shekarun 1960 kuma aka koma farautarsu da jirage masu saukar ungulu.

Batun mata kuwa lissafi ne. Namiji ɗaya ya isa ya yi wa mata da yawa barbara, saboda haka ko an kwashe rabin maza, haihuwar baɗi ba za ta ragu sosai ba. Maharbi kuma, in ka bar shi da son ransa, mai manyan ƙahoni zai nema. Ban ga laifinsa ba, amma garke ba ya raguwa ta haka. Sai dai ba a taɓa mace lokacin da take da goyo.

Mutanen da ke zaune a bakin daji su ne suka san mashaya da kwari, kuma idan aka rufe musu ƙofa gaba ɗaya, tarkon waya ne zai shigo da dare, shi kuwa ba ya bambance mai ciki da tsoho. Namibiya ta yi doka a 1996 da ta ba al'ummomin karkara ikon kula da namun dajinsu da cin moriyarsu.

Idan maharbi ya fito, kada ka tsaya kan rubuta adadi kaɗai. Ka rubuta jinsi da wurin da aka harba, ka karɓi muƙamuƙin ƙasa domin haƙora su nuna shekaru, sannan ka duba kitsen da ke jikin ƙoda. In kitsen ya yi ƙaranci a yawancin dabbobin kuma tsiron da ke wajen filin da muka killace bai tashi ba, adadin matan da za mu ba da izini a kai baɗi zai ƙaru.