Amsa ga shugaban makarantar da aka ba wa kwamfutoci 20

Ranka ya daɗe Malam, ka ce ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta ba makarantarku laftof guda 20, ɗalibanka na SS3 sun kusa rubuta JAMB, kuma kana tambaya ko majigi da intanet za ka fara saya da ɗan kuɗin da PTA ta tara. Shawarata ita ce kada ka fara da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ke kashe irin wannan aiki a makarantunmu abu uku ne: rashin wuta, rashin gurbi a jadawalin darasi, da rashin mutum guda da za a tuhuma in abu ya lalace. In ba a daidaita su ba, za a wayi gari ɗakin kwamfuta a kulle, makulli a aljihun malamin da aka yi wa canjin wurin aiki, ba a buɗewa sai ranar da baƙi za su zo daga ma'aikata.

Fara da lissafin wuta. Laftof ɗaya tana cin kamar wat 40 in ana aiki da ita tana caji, guda 20 ke nan wat 800. In za a yi awa 4 a rana, kana bukatar wat-awa 3,200 a rana, wato wat 800 sau awa 4. Batirin sola mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗaukar wat-awa 2,400 a rubuce, amma in mai ruwa ne rabi kawai ake sha, in ana zuƙe shi ƙarƙaf ba zai daɗe ba. Sauƙin da ke nan shi ne da rana ake karatu, don haka ka zuba kuɗin a kan farantan sola fiye da batir. Faranti 4 masu wat 400, inbata mai kilowat 2 zuwa 3 da batir 2 za su riƙe ɗakin, muddin ba a jona musu firij ko abin dafa ruwa ba (kuma za a yi ƙoƙarin jonawa, ka sa ido). A lokacin hunturu a wanke farantan da sassafe sau biyu a mako, don ƙura tana rage wuta sosai. Batir kuma a ajiye shi inda iska ke shiga, a riƙa duba ruwansa duk wata, a ƙara masa ruwan batir, ban da na rijiya ko na leda.

Majigi yana cin wat 200 zuwa 300, kuma a ajin da hasken rana ke shigowa ta ko'ina ba a ganin komai a bango. Talabijin mai inci 43 ba ta kai wat 100 ba, ta fi shi haske da juriya. In dole sai an saya, ita za a saya, amma ba bana ba.

Batun intanet kuwa, yawancin abin da kake so ba ya bukatar data kullum. Akwai manhajar Kolibri, kyauta ce. Ana sa ta a laftof ɗaya, a sauke darussan lissafi da kimiyya sau ɗaya a inda ke da sabis mai ƙarfi, sannan a haɗa ta da ƙaramar rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi) wadda ba ta da layin waya a ciki. Sauran kwamfutocin su kama rautar, su buɗe darussan kamar suna kan intanet. Manhajar Kiwix ma tana ba ka Wikipedia, har da ta Hausa, ba tare da data ba. Malaman da ke da babbar waya su yi rajista a Nigeria Learning Passport, dandalin darussa na intanet wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022.

Jadawali shi ne aikinka kai da mataimakinka na ɓangaren karatu, kada ka bar wa malamin kwamfuta. Aji mai yara 60 a raba shi biyu. Yara 30 su zauna bibbiyu a kan kwamfuta 15, a bar 5 a gefe saboda wadda za ta ƙi tashi, sauran 30 su yi aikin rubutu a aji, bayan minti 40 a yi musanya. Wato darasi biyu a jere da malamai biyu. Kada a zaunar da uku a kan ɗaya, domin mai baki ne zai riƙe ta har a tashi, mai kunya kuma, sau da yawa yarinya, ba za ta taɓa madanni ko ɗaya ba. A sa dokar canza hannu duk minti 10.

'Yan SS3 a ware musu lokaci bayan tashi. Tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, tambaya 180 a cikin awa 2: Turanci 60, sauran darussa uku 40-40. Yaro zai iya sanin amsa ya faɗi saboda hannunsa na rawa. A koya musu A, B, C, D na zaɓen amsa, N na gaba, P na komawa baya, da S na miƙa jarrabawa, a gargaɗe su kada su taɓa S kafin su gama. Kowane yaro ya zauna shi kaɗai ya yi gwajin awa 2 cif da agogo, aƙalla sau uku kafin ranar.

Malamai kuwa ba a janyo su da lacca. A fara da abin da zai rage musu wahala: haɗa sakamakon zango a Excel, inda jimla da matsayin kowane ɗalibi ke fitowa da kansu. Malamin da ya saba kwana uku yana tara maki da kalkuleta, in ya gama a yini ɗaya, shi zai nemi a koya masa na gaba.

A naɗa malami ɗaya da mataimaki a rubuce, a gaban SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta. Kowace laftof a rubuta mata lamba a jiki, a buɗe rajistar fita da shiga, kuma ba mai tafiya da ita gida, har kai, don in shugaba ya ɗauka ba wanda zai iya hana saura. Ɗalibai su shiga da asusun da ba ya iya sa manhaja, kalmar sirrin babban asusu ta tsaya a hannun mutum biyu. A hana filash na waje, ta nan ƙwayar cuta ke shiga. A ware wani kaso na kuɗin PTA duk zango don caja da gyara, saboda caja ce ke fara mutuwa, ɓera kuma yana cin waya, sai a naɗe su a kulle a akwatin ƙarfe bayan tashi.